Kalmar Wannan Mako: UNDERRATE

Kalmar Turanci da na kawo mana a wannan karo ita ce "underrate". Masu sauraron sharhin ƙwallo sun saba jin ta, haka ma masu karanta jaridun Turanci, kuma irinta ce ake sakawa a jarrabawa a ce ka zaɓi kalmar da ta fi kusa da ita a ma'ana, ko wadda take kishiyarta. Da yawa daga cikinmu idan aka tambaye mu fassararta sai mu ce "raini", mu wuce. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Ku ɗan tsaya a gaban bangon nan mu bi ta daki-daki.

YADDA AKA GINA KALMAR

Kalmomi biyu aka haɗa: "under" da "rate".

"Under" tsohuwar kalmar Ingilishi ce, kuma tun a firamare muka san ta da ma'anar "ƙarƙashi". Amma idan ta zo a matsayin ɗafa-goshi, wato aka liƙa ta a farkon wata kalma, sau da yawa tana nufin "ƙasa da yadda ya kamata". Ga misalai:

underpaid: wanda ake biyansa ƙasa da haƙƙinsa
underfed: wanda ba ya samun isasshen abinci
undercooked: abincin da bai gama dahuwa ba
underweight: wanda nauyinsa bai kai yadda ya kamata ba

Ita kuwa "rate" asalinta daga Latin ne, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shigo Ingilishi, kuma tushenta yana da alaƙa da lissafi da ƙiyasi. Mun haɗu da ita a darasin lissafi, domin harafin R da ke cikin lissafin kuɗin ruwa ita yake wakilta. Idan ta zo a matsayin aikatau kuwa, ma'anarta ita ce a auna abu a ba shi matsayi ko maki. Duk wanda ya taɓa ganin taurari biyar ɗin nan da ake dannawa a waya domin a nuna ko manhaja ta yi kyau, to ya ga wannan aiki da idonsa.

To idan aka haɗa su, "underrate" na nufin ka ba mutum ko abu matsayin da bai kai ainihin darajarsa, ko ƙwarewarsa, ko amfaninsa ba. A ce insha'i ya cancanci maki 8 cikin 10, sai mai dubawa ya ba shi 4. Insha'in bai canja ba, ma'aunin mai dubawa ne ya gaza. Ku riƙe wannan misali, domin shi ne zuciyar kalmar: kuskure ne na awo.

Sai dai a yi hattara. Ba duk kalmar da ta fara da "under" ce take nufin gazawa ba. A cikin "underground" da "underline" ma'anar ƙarƙashi ce ta asali. A cikin "understand" da "undertake" da "undergo" kuwa babu ko ɗaya daga cikin biyun. Kada wani ya je ya ce "understand" na nufin tsayuwa kaɗan!

RUBUTU DA FURUCI

Harafin r guda biyu ne a tsakiya, ɗaya na ƙarshen "under", ɗaya na farkon "rate". Wanda ya rubuta "underate" ya yi asarar maki a banza. Kuma kalma ɗaya ce, ba a raba ta biyu, ba a sa mata karan ɗori.

Gaɓoɓinta uku ne: un, der, rate. Ana furta ta kamar "anda-REIT", a danna gaɓar ƙarshe da ƙarfi. Wajen furuci r ɗaya kunne yake ji, shi ya sa ake yawan mantawa da ɗayan wajen rubutu.

SIFFOFINTA A CIKIN JIMLA

Aikatau ce mai bin ƙa'ida, don haka ba ta da wahalar juyawa:

I underrate, we underrate, they underrate
he underrates, she underrates
underrated, idan abu ya wuce
underrating, idan ana cikin yi

Ku lura, harafin e na ƙarshe yana faɗuwa kafin a sa "ing", kamar yadda yake faɗuwa a "writing" da "making".

Abu na biyu, aikatau ce mai buƙatar karɓau. Dole ne a faɗi wanda aka yi wa, ko abin da aka yi wa, kuma yana biyo ta kai tsaye, babu "on" ko "about" ko "at" a tsakani. Ga jimloli da fassararsu:

Do not underrate your opponent.
Kada ka ɗauki abokin karawarka da wasa.

The coach underrated the new boy.
Koci bai san sabon yaron ya kai haka ba.

Many people underrate the work of farmers.
Mutane da yawa ba sa ba aikin manoma darajar da ta dace da shi.

She underrates her own ability.
Ta fi yadda take ɗaukar kanta iyawa.

Kun ga jimloli huɗu, amma fassarar kowace da kalamanta. Haka fassara take, ma'ana ake bi.

Siffar da aka fi ji a bakin mutane ita ce "underrated", idan ta zo a matsayin sifa:

He is an underrated goalkeeper.
Gola ne gwani, amma ba a yaba masa yadda ya kamata.

Moringa is an underrated food.
Zogale abinci ne mai amfani da ba a san darajarsa sosai ba.

A nan akwai abin da ke rikita ɗalibai. Idan wani ya ce maka "You are underrated", kada ka ɓata rai. Yabonka ya yi. Cewa yake yi kana da ƙoƙarin da mutane ba su gani ba, laifin kuma nasu ne. Saboda akwai "under" a ciki, wasu suna zaton zagi ne.

KISHIYARTA

Kishiyar "underrate" ita ce "overrate", wato a ba abu matsayin da ya wuce nasa, abin da muke cewa zuzutawa ko kambamawa. Ita ma r biyu gare ta. Idan aka ce "That film is overrated", ana nufin fim ɗin bai kai yadda ake ta kururuta shi ba. Wannan ba ya nufin fim ɗin ba shi da kyau gaba ɗaya. Mai yiwuwa maki 6 ya cancanta, mutane suka ba shi 10. Saboda haka "underrated" yabo ce, "overrated" kuwa suka ce, duk da cewa kunne zai so ya ɗauka akasin haka.

SHIN "RAINI" CE FASSARARTA?

Wannan shi ne wurin da ya fi muhimmanci a darasin. Kalmar "raina" a Hausa tana da faɗi sosai. Ku duba waɗannan jimloli uku:

Yaron nan ya raina yayansa.
An zuba masa tuwo ya raina.
Mun raina 'yan aji ɗaya, sai suka ci mu biyu da nema.

A jimla ta farko maganar rashin kunya ake yi da rashin ganin girma. Bature zai ce "The boy disrespects his elder brother", ko ya yi amfani da "looks down on". A ta biyu, cewa ake yi tuwon ya yi masa kaɗan, kuma Turancinsa shi ne "He thought the food was too little". A ta uku ce kaɗai "underrate" za ta shiga daidai: "We underrated the JSS 1 team". Mun auna ƙarfinsu, awon ya zo ƙasa da gaskiya.

Wato duk inda aka ce "underrate" kana iya samun hanyar sa "raina", amma ba duk "raina" ce "underrate" ba. Shi ya sa idan ƙaninka ya yi maka tsiwa ka ce masa "Don't underrate me", ba ka faɗi abin da kake nufi ba. Abin da ka ce shi ne kada ya zaci ba ka iya ba. Idan rashin kunyarsa ce ta dame ka, "Don't disrespect me" za ka ce.

Wani bambancin kuma shi ne, raini irin na farko yana tafiya da wulaƙanci, amma kana iya son mutum ƙwarai, kana girmama shi, kuma ka yi masa "underrating". Uwa tana iya hana 'yarta shiga gasar muhawara don tausayi, tana ganin ba za ta iya tsayawa gaban jama'a ba. Babu ƙiyayya a nan ko kaɗan. Awo ne ya zo ƙasa.

Karin maganarmu ma sun san wannan hali tun kafin mu ji Turancinsa. Hausawa suna cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Suna kuma cewa raina kama ka ga gayya. Duk wanda ya fahimci waɗannan biyun ya riga ya fahimci "underrate", saura kawai ya iya rubuta ta.

'YAN UWANTA DA BAMBANCINSU

Akwai kalmomin da ke kama da ita, har ƙamus yakan jera su wuri ɗaya. Wani lokaci ana iya musanya su, wani lokaci kuma ba a iyawa.

Ta farko ita ce "underestimate". Ita ce mafi kusa. Idan ana maganar ƙarfin mutum ko iyawarsa, duk wadda ka ɗauka cikin biyun daidai ne. Amma idan ana maganar abin da ake ƙirgawa, kamar kuɗi, ko lokaci, ko nisa, ko yawan mutane, to "underestimate" ce kaɗai ta dace. Misali, shahararren gidan wasannin nan na birnin Sidni a ƙasar Ostareliya, mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa, an ƙiyasta zai ci dalar ƙasar miliyan 7. An fara ginin a 1959, ba a buɗe shi ba sai 1973, kuma ya ci miliyan 102. A Turance sai a ce "They underestimated the cost". Ba a cewa "They underrated the cost".

Ta biyu ita ce "undervalue". Wannan ta fi karkata ga farashi da daraja. A 1867 ƙasar Rasha ta sayar wa Amurka yankin Alaska a kan dala miliyan 7.2. Daga baya aka gano zinare a yankin, sannan a 1968 aka gano man fetur mai ɗimbin yawa a arewacinsa. Wanda ya dubi wannan ciniki a yau zai iya cewa "The land was undervalued". Haka idan manomi ya kai buhun gero kasuwa aka taya masa ƙasa da kimarsa. Ana kuma amfani da ita ga ma'aikacin da ba a ganin ƙoƙarinsa.

Ta uku ita ce "belittle". Ita wannan da baki ake yinta. Ka san abu yana da girma, amma ka yi magana don ka ƙasƙantar da shi. Ɗan ajinku ya zo na ɗaya, sai ka ce ai jarrabawar ce ta yi sauƙi. Wannan shi ne "belittling", wato kushe. Mai "underrating" bai san gaskiya ba ne, mai "belittling" kuwa sau da yawa ya sani sarai.

Ta huɗu ita ce "look down on", wato ka ɗauki kanka sama da wani saboda talaucinsa, ko garinsu, ko sana'ar mahaifinsa. Wannan girman kai ne.

Ta biyar ita ce "undermine". Na sako ta ne don tana kama da su a ido, amma ma'anarta daban. Tana nufin yi wa mutum zagon ƙasa, a raunana shi a hankali. Ku kiyaye ta a jarrabawa, domin irinta ake sakawa cikin zaɓi don a kama mai gaggawa.

MISALAI DAGA TARIHI

Kalma tana zama a kai idan aka haɗa ta da labari, don haka ga guda huɗu da suka faru da gaske.

Na farko daga filin ƙwallo. A gasar Olamfik ta 1996 a birnin Atlanta na Amurka, Najeriya ta haɗu da Brazil a wasan kusa da na ƙarshe. Brazil tana da su Ronaldo da Bebeto da Roberto Carlos, kuma ta riga ta ci Najeriya ɗaya da nema a wasan rukuni. Aka kai Brazil tana da 3, Najeriya tana da 1, kowa ya ɗauka an gama. Sai Victor Ikpeba ya rama ɗaya, Nwankwo Kanu ya farke a minti na 90, sannan ya sake ci a ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3. A wasan ƙarshe Najeriya ta doke Ajantina 3 da 2, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci zinaren ƙwallon ƙafa a Olamfik. Garba Lawal da Tijjani Babangida suna cikin wannan tawaga. Jimlarmu: "Many people underrated the Nigerian team."

Na biyu daga fagen yaƙi. Ranar 1 ga Maris, 1896, sojojin Italiya suka gwabza da na Habasha a Adwa. Italiya ta zo da niyyar mallakar ƙasar, tana ganin rundunar Afirka ba za ta iya tsaya mata ba. Sarki Menelik na Biyu ya tara mayaƙa masu yawa ɗauke da bindigogi, suka ci Italiya da yaƙi, Habasha ta tsira da 'yancinta a lokacin da Turawa suke rabon Afirka. Jimlarmu: "Italy underestimated Ethiopia." A nan "underrated" ma za ta shiga, amma idan yawan sojojin ake nufi, sai a ce "Italy underestimated the size of the army".

Na uku daga asibiti. A 1847 wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Ignaz Semmelweis yana aiki a wani babban asibiti a Biyenna, babban birnin Ostiriya. Ya lura mata masu haihuwa suna yawan mutuwa da zazzaɓi a ɓangaren da likitoci ke zuwa bayan sun taɓa gawa. Sai ya sa dokar kowa ya wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin kafin ya taɓa mai jego. Mace-macen suka ragu ƙwarai. Duk da haka likitoci da yawa na zamaninsa suka ƙi yarda da shi, har ya rasu a 1865. Sai bayan an tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke yaɗa irin wannan ciwo aka gane gaskiyarsa. Yau har ranar wanke hannu ta duniya ake yi duk 15 ga Oktoba. Jimlarmu: "Handwashing is a simple but underrated habit." Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da muke fitowa daga bayan gida mu nufi wurin mai awara.

Na huɗu daga lambu. Gregor Mendel ya shafe shekaru yana shuka wani irin wake yana lura da yadda 'ya'yan shuka ke gadon kamannin iyayensu. Ya wallafa sakamakon bincikensa a 1866, amma masana ba su kula ba. Ya rasu a 1884. Sai a 1900 wasu masana suka sake gano aikinsa, kuma yanzu ana kiransa uban ilimin gadon halitta. Jimlarmu: "Mendel was underrated in his lifetime."

KURAKURAN DA ZA A GUJE WA

Kuskure: He is underrate.
Daidai: He is underrated.

Kuskure: Don't underrate on me.
Daidai: Don't underrate me.

Kuskure: She underrate her sister.
Daidai: She underrates her sister.

Kuskure: I underrated the distance to the market.
Daidai: I underestimated the distance to the market.

Kuskure: Their underration of our team helped us.
Daidai: Their underestimation of our team helped us.

Game da na ƙarshe, kada ku ƙirƙiro "underration". Idan kuna buƙatar suna, ku ari na 'yar uwarta, wato "underestimation", ko ku sake gina jimlar ku ce "They underrated our team, and that helped us".

ME YA SA MUTANE KE YIN HAKA?

Tunda mun ce kuskuren awo ne, ya kamata mu tambayi abin da ke ɓata ma'aunin. Ni dai na ga abubuwa huɗu.

Na ɗaya, sabo. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Zogale da kuka da daddawa suna bayan gidanmu da cikin madafinmu, shi ya sa muke ganin abincin leda ya fi su. Haka mai sharar makaranta da mai gadi. Ba a tuna aikinsu sai ranar da ba su zo ba.

Na biyu, kama. Ana duban tsayin mutum, ko tsufan rigar makarantarsa, ko takalminsa, a yanke masa hukunci kafin ya buɗe baki. Amma ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Na uku, shiru. A kowane aji akwai mai ɗaga hannu ko bai san amsa ba, akwai kuma wanda ya sani amma kunya ta hana shi. Idan aka zo zaɓen masu wakiltar aji a gasar kacici-kacici, mai surutun ake fara tunawa. Ina roƙon malamanmu, cikin ladabi, su riƙa leƙa littattafan masu zama a bencin baya kafin a rufe sunaye.

Na huɗu, jita-jita. Wani ya ce darasin Hausa ko na aikin gona ba sai an karanta ba, kowa ya ɗauka. Ranar jarrabawa sai a ce ka kawo ƙa'idojin rubutu, ko ka rarrabe gajeren wasali da dogo, ka ga ana ta cizon biro. Makin Hausa da makin lissafi duk a takardar sakamako ɗaya suke fitowa.

WANDA YA FI HATSARI

Duk cikin jimlolin da na kawo, wadda ta fi damuna ita ce "She underrates her own ability". Idan wani ne ya auna ka ƙasa, kana da damar ba shi mamaki, kamar yadda su Kanu suka yi. Idan kai ne ka auna kanka ƙasa, ko filin ba za ka shiga ba, balle a ga abin da za ka iya.

Mu 'yan makarantar gwamnati mun san wannan. Idan aka haɗa mu gasa da 'yan makarantar kuɗi, wasunmu tun daga bakin ƙofa gabansu yake faɗuwa, don sun ga motar makaranta da riguna masu guga da Turanci mai santsi. Gaskiya ne ajinmu ya fi cika, littattafanmu ba su kai nasu ba, kuma ba daidai ba ne a ɓoye wannan. Amma tambayar da alƙalin gasa zai yi guda ɗaya ce ga kowa, amsar daidai kuma ba ta san kuɗin makaranta ba. Haka 'yan uwana mata da ake ce wa lissafi da kimiyya na maza ne. Wanda ya faɗi haka awo ya yi, kuma muna da damar mu nuna masa ma'auninsa ya gaza.

Sai dai kada gudun "underrating" ya jefa mu cikin "overrating". Wanda ya ce shi gwani ne ba ya buƙatar bita, shi ma awonsa ya karkace, ta ɗaya gefen. Abin da ake so shi ne mutum ya san inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni. Hanyar sani kuwa ita ce gwaji: ka amsa tambayoyin shekarun baya, ka sa wa kanka lokaci, ka ƙirga makinka da gaskiya. Yayyenmu 'yan aji uku masu shirin jarrabawar BECE, wannan naku ne musamman. Do not underrate yourselves, and do not underestimate the examination.

GWAJIN MAKO

Cike gurbi da ɗaya daga cikin waɗannan, a siffar da ta dace: underrate, overrate, underestimate, undervalue, belittle.

1. We ________ the time needed for the journey and arrived late.
2. She is the most ________ player in our team. She deserves more praise.
3. It is wrong to ________ your friend's success in front of others.
4. The trader ________ my uncle's goat and offered very little money.
5. Everybody praises that song, but I think it is ________.

Sai kuma waɗannan biyun:

6. Fassara zuwa Turanci: Kada ku ɗauki 'yan aji ɗaya da wasa.
7. Rubuta jimla ɗaya ta Turanci a kan wani abu ko wata sana'a a unguwarku da kake ganin ba a ba ta darajar da ta dace da ita ba, ka yi amfani da "underrated".

A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin tashi ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshin daidai a wannan bango mako mai zuwa, tare da jimloli uku da suka fi kyau daga tambaya ta bakwai. Don Allah kada a rubuta amsa a jikin wannan takarda, kuma kada a yage ta, saboda na baya su ma su samu su karanta.

Ina godiya ga malaminmu na Turanci da ya ara mini ƙamus, da malamarmu ta Hausa da ta duba mini ƙa'idojin rubutu. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin. Sai mun haɗu a kalma ta gaba.

Daga wakiliyar filin Kalmar Mako, aji biyu, ƙaramar sakandare.